Yadda Ake Zuwa Bikin Furen Shirui Daga Kaduna

A jihar Manipur, can ƙuryar arewa maso gabashin Indiya, daf da iyakar ƙasar Bama (Myanmar), akwai wani dutse da ake kira Shirui Kashong, tsayinsa mita 2,835. A gangaren samansa wani fure yake fitowa sau ɗaya a shekara, daga tsakiyar Mayu zuwa farkon Yuni, kuma saboda shi ne gwamnatin jihar take shirya biki tun 2017 a yankin Ukhrul, ƙasar ƙabilar Tangkhul Naga. Ni sana'ata renon furanni da dashen itatuwa ce a bakin kogin Kaduna. Na je bikin a 2022 ta dalilin ɗan yayata da ke karatu a Indiya, wanda abokin ɗakinsa ɗan Tangkhul ne. Wanda yake da niyyar zuwa, ga yadda zai bi.

Kafin komai ka duba watan da aka sa bikin, domin biki daban, fure daban. A 2019 a watan Oktoba aka yi shi, lokacin da babu ko fure ɗaya a kan dutsen, sai kiɗa da rawa a gari. Na 2022 a ƙarshen Mayu aka yi, na 2025 kuma daga 20 zuwa 24 ga Mayu. Idan ranakun da aka sanar suka faɗa tsakanin 15 ga Mayu da makon farko na Yuni, ka dace. Idan ba haka ba, ni dai shawarata ka bar bikin ka bi furen. Ka kuma lissafa da naka uzurin na gida: a 'yan shekarun nan wannan lokacin yana karo da aikin Hajji da Babbar Sallah, kuma ga mai sana'a irin tawa shi ne farkon damina, lokacin da masu sayen dashen mangwaro da gwaiba da dogon yaro suke tururuwa. Sai da na bar amintaccen yaro a lambu kafin na tashi.

Sai takardu. Biza a ofishin jakadancin Indiya da ke Abuja ake nema, kuma ta yawon buɗe ido za ka nema. Mutanenmu da yawa jinya ke kai su Indiya, to bizar majinyaci ko ta mai rakiyarsa ba ta yawo ba ce, kada wani ya ce maka ai duk ɗaya ne. Katin allurar rigakafin cutar shawara dole ne, kuma sai allurar ta kwana 10 kafin ta yi aiki a wurinsu. Wanda ya sauka babu katin suna iya killace shi har kwana 6. Akwai kuma wata takarda ta uku da ba a buƙata lokacin da na je. A Disamba 2024 gwamnatin Indiya ta dawo da dokar da ta wajabta wa baƙi 'yan ƙasar waje neman izini na musamman, wanda suke kira PAP, kafin su shiga Manipur da Nagaland da Mizoram. Bizarka ba ta wadatar ba. Ka nemi wannan izinin da wuri, ta hannun kamfanin yawon buɗe ido mai rajista a can, kuma kada ka biya kuɗin jirgin Imphal, babban birnin Manipur, sai ya fito. Ka buga kwafin fasfo da biza da izinin da yawa, ka haɗa da ƙananan hotunanka, domin a shingayen bincike takarda suke so su riƙe a hannu, ba hoton waya ba.

Maganar tsaro ba zan yi mata kwana-kwana ba. Ranar 3 ga Mayu 2023 rikici ya ɓarke tsakanin Meitei mazauna kwari da Kuki mazauna tuddai. Sama da mutum 250 suka mutu, kusan 60,000 suka bar gidajensu, kuma shi ya sa ba a yi bikin ba a 2023 da 2024. Hanyar Ukhrul tana ratsa ƙauyukan ƙabilu daban-daban, don haka labarin watan jiya ba zai yi maka amfani ba, na makon tafiyarka za ka nema, daga bakin wanda zai sauke ka. Mutumin Kaduna ba sai an koya masa sauran ba: ba a tafiyar dare, ba a ɗaga waya a shingen sojoji, ba a tambayar mutum a mota wa ke da gaskiya. Idan mai masaukinka ya ce bana ka haƙura, ka haƙura.

Hanya kuwa doguwa ce amma ba ta da ruɗani. Ka hau jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu, daga Abuja ka bi jirgin Habasha ta Addis Ababa zuwa Delhi, ko ka tashi ta Kano idan ya fi maka sauƙi. Daga Delhi akwai jirgi zuwa Imphal, wasu kai tsaye wasu su ya da zango a Guwahati ko Kolkata. Agogon Indiya yana gaban namu da awa huɗu da rabi. Ka canji rufi, kuɗin Indiya, isasshe tun a Delhi ko Imphal, kuma ƙananan takardu, saboda a ƙauye ba kowa ke da canjin babbar takarda ba, biyan kuɗi ta waya da suke yi kuwa yawanci sai mai asusun banki na can.

Ka kwana a Imphal, kada ka zarce. Nan ne za ka ci nama hankalinka kwance, domin akwai Musulmin Manipur da ake kira Pangal, da masallatansu da gidajen abincinsu. Nan ne kuma za ka sayi rigar ruwa da gishiri da ɗan guzuri. Idan lokaci ya ragu ka leƙa Ima Keithel, kasuwar da mata zalla ke ciniki a cikinta, su dubbai, namiji sai dai ya saya. Masu zuwa kallon holo a dandalin Murtala su ma suna da abin gani: wasan holo na zamani daga Manipur Turawan Ingila suka ɗauko shi, kuma tsohon filinsa, Mapal Kangjeibung, yana tsakiyar gari.

Daga Imphal zuwa garin Ukhrul kilomita 84 ne, amma kada ka auna shi da hanyar Zariya. Hawa ne da kwana-kwana, awa uku ko fiye, musamman in an yi ruwa. Akwai motocin haya da ake cikawa, akwai shata. Ku tashi da sassafe, kuma mai yawan amai a mota ya sha magani ya nemi gidan gaba. Daga Ukhrul zuwa ƙauyen Shirui wajen kilomita 18 ne. Bayan tuddan da kake hangowa ta gabas Bama ce, ƙasar da kakanninmu mazan jiya suka je yaƙi, ko da yake yawancinsu can kudu aka kai su. A Shangshak, kusa da Ukhrul, an gwabza da sojojin Japan a Maris 1944.

Wurin kwana shi ne inda mutane ke shan wahala. Otal kaɗan ne a Ukhrul kuma suna cika tun kafin biki. Abin da ya fi shi ne masauki a gidan mutane, wanda iyalai ke buɗewa da kuɗi, kuma in da hali ka samu a ƙauyen Shirui kansa, ba cikin gari ba. Dalilina: shagulgulan an raba su wurare da dama, manyan wasannin kiɗan zamani da suke kira ShiRock da dare ake yi a filin gari, su ne ke jan matasa daga ko'ina, amma dutsen a ƙauye yake, kuma wanda ya kwana a gindinsa shi zai riga taro hawa. Ni ban je Manipur don jita ba. Akwai tantuna na haya, sai dai ruwan can ba ya sallama, kuma da dare akwai sanyi sosai, ka tafi da rigar sanyi mai kauri ko da ka baro Kaduna ana zufa.

Musulmi ya shirya wa abubuwa biyu. Na farko alƙibla: yamma ake fuskanta, ba gabas ba, kuma tun da duk Indiya agogo ɗaya take bi alhali Manipur tana can gabas, kafin ƙarfe biyar gari ya waye tangaran. Ka gyara lokutan salla a wayarka tun a Imphal, in ba haka ba asuba za ta wuce ka. Na biyu abinci. Tangkhul kusan dukansu Kirista ne, tun zuwan wani ɗan mishan mai suna William Pettigrew a 1896, kuma naman alade shi ne babban namansu, har a miyar ganye sukan jefa shi don ɗanɗano. Ba su ɓoyewa, kuma ba su jin haushi in ka tambaya. A rumfar abinci na miƙa hannu zan nuna wata miyar ganye da ta ba ni sha'awa, sai ɗan yayata ya riƙe ni ya ce, "Kawu, dakata a tambaya tukuna." Aka tambaya, ashe da kitsen alade a ciki. Tun daga ranar uwar gidan da muka sauka ta ware mini tukunya, tana dafa mini shinkafa da ƙwai da dankali da dafaffen ganye, wani lokaci da kifi. Ka faɗa wa masu masaukinka tun kafin ka iso, shi ke nan. Haka abin sha: farin ruwan da ake miƙowa a kofin gora wani lokaci giyar shinkafa ce, ka tambaya. Kuma akwai wani barkono da ake kira umorok a Manipur, ɗan guntu mai ƙuraje. Kada ka yi masa kallon attaruhu. Ka taɓa kaɗan da bakin cokali, in ka ji za ka iya sai ka ƙara.

Yanzu hawan dutsen, wanda shi ne dalilin tafiyar.

Ka tashi da fitowar rana. Ka ɗauki ɗan jagora daga cikin matasan ƙauyen ko da hanyar a bayyane take, domin su suka san gangaren da furen ya fi buɗewa a wannan makon, kuma kuɗin da ka ba su yana cikin abin da ke sa su ci gaba da gadinsa. Takalmi mai riƙon ƙasa, ba silifa ba, ba kuma takalmin zuwa biki ba. Sanda, ruwan sha, rigar ruwa, dogon wando da za ka cusa cikin safa. Gishirin da na ce ka saya a Imphal na matsattsaku ne: suna cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ba ka jin kamunsu sai ka ga jini a safa, in ka barbaɗa musu gishiri sai su saki. Hawan zai ci maka awa biyu zuwa uku gwargwadon ƙarfin gwiwarka. Farkonsa daji ne mai inuwa, da matakala a wasu wurare da santsi a wasu, sannan itatuwa su ƙare ka fito fili mai ciyawa inda iska ke kaɗawa. Mai hawan jini ko ciwon gwiwa ya tafi a hankali, ba tsere ake ba. Gajimare yana rufe dutsen ya buɗe cikin ɗan lokaci, in ya rufe ka tsaya inda kake har ya wuce.

Zan gaya maka gaskiya don kada ka ce an yaudare ka: furen ba babba ba ne, kuma ba za ka tarar da fili ya yi fari fat da shi ba. Ɗaiɗai yake, nan uku, can biyar, a cikin ciyawa. Tsayin karan daga ƙafa ɗaya zuwa uku ne, yawanci bai wuce gwiwa ba, da siraran ganye, kuma kowane kara yana ɗaukar fure ɗaya zuwa bakwai. Siffar ƙararrawa gare shi, kansa a sunkuye, don haka wanda ya tsaya a tsaye bayansa kawai zai gani. Sai ka durƙusa a kan hanya ka leƙa ta ƙasa. Fallayensa shida ne, cikinsu fari-fari, bayansu ruwan hoda mai haske wanda yake ƙara turuwa wajen gindi, kuma da safe za ka ga ɗigon ruwa a rataye a bakin kowane falle. Wanda ya buɗe jiya da wanda ya kwana biyu launinsu ba ɗaya ba ne. Ni da nake wuni cikin furanni sai da na daɗe a durƙushe a gaban guda ɗaya, har ɗan jagoranmu ya zauna ya ciro goron da suke ci, wanda ake naɗewa a ganye da farar ƙasa.

Don hoto, ka sa wayar ƙasa-ƙasa ka juyo ta sama. Kada ka ɗaga kan furen da yatsa, kada ka kauce hanya ka shiga ciyawa. A nan ne mutane ke ɓarna ba da niyya ba. Tsiron da bai kai yin fure ba kamar ciyawa yake, kuma daga iri zuwa fure shekaru yake ɗauka, to duk wanda ya taka don ya matso kusa da babba ya murƙushe ƙanana da bai gani ba. Na ga ɗan jagoranmu ya dakatar da wasu 'yan birni da suka shiga tsakiyar ciyawa za su kwanta a yi musu hoto, bai ɗaga murya ba, amma bai matsa ba sai da suka fito. Tsinke furen ko tono shi haramun ne a dokar ƙauyen, kuma suna cin tara. Ledarka da robar ruwanka ka sauko da su.

Abokan sana'ata sun fi damuna da tambaya ɗaya: me ya sa ban zo da albasarsa ba, wato dunƙulen gindinsa da ake dasawa? Ko da babu doka, asara ce. Wannan tsiro ne na sama da mita 1,700, yana son ƙasa mai taushi da ruɓaɓɓen ganye, da ruwa mai wucewa ba mai kwanciya ba, kuma albasarsa sai ta yi barcin hunturu cikin sanyi na gaske kafin ta sake tsirowa. Zafin Maris na Kaduna zai dafa ta a cikin tukunya. Inda ya karɓa a wajen gidansa shi ne lambunan ƙasashe masu sanyi da danshi irin Sikotland. Wani Baturen Ingila mai farautar tsirrai, Frank Kingdon-Ward, shi ya ci karo da shi a 1946, ya komo a 1948 tare da matarsa Jean Macklin, kuma da sunanta masana suka yi masa rajista, Lilium mackliniae. Tangkhul kuwa sun san abinsu tun kafin nan, suna kiransa Kashong Timrawon. A 1989 aka ayyana shi furen jihar Manipur. Abin da ke cinye shi yanzu, ban da ƙafar baƙi, wata gajeriyar gora ce mai yaɗuwa da saiwa, tana mamaye gangaren tana hana shi wuri. Da idonka za ka ga inda ta shimfiɗu babu fure ko ɗaya a ciki.

In ka sauko, kada ka ce an gama. Rabin bikin a filin ƙauye yake, kuma a ganina shi ne rabin da baƙi ke yi wa riƙon sakainar kashi. Wanda ya taɓa zuwa bikin Afan a Kagoro ranar 1 ga Janairu ya san yadda abin yake: dutse yana da masu shi, kuma baƙon kirki yakan fara da gaisuwa. Ka sa mai masaukinka ya kai ka ka gaida dattawan unguwa. Yawancin matasa suna jin Turanci, don haka magana ba za ta gagara ba. Za ka ga ƙauyuka sun zo ƙungiya-ƙungiya, maza da mashi da adon kai, mata da duwatsun wuya jere-jere, kowa ya yafa saƙi mai ja da baƙi da fari. Rawarsu a jere ake yi, da buga ƙafa da amshi, kuma waƙoƙinsu murya-murya ne, wasu su ɗauka wasu su tare. Akwai jan igiya, da kokawa, da gasar girki. Akwai wani abin kiɗa mai tsirkiya da ake gogawa, tingteila, in ka ji an fara shi ka matsa kusa, domin lasifikar filin takan danne shi. Kafin ka ɗauki hoton tsoho ko tsohuwa ka nemi izini. Zanen saƙin ma ba ado kawai ba ne, akwai na maza akwai na mata, don haka in za ka saya ka tambayi mai saƙar wanne ya dace da kai, kada ka yafa na mata ka shiga taro.

Ranar Lahadi kusan komai a rufe yake, shaguna da motocin haya duka, kowa yana coci. Kada ka sa tafiya a ranar, kuma ka sayi abin buƙata tun Asabar.

Tsaraba kuwa, uku zan ambata. Saƙin hannu, ka saya wurin matan da suka saƙa, kuma kada ka yi musu tayin wulakanci irin na Kasuwar Barci, aikin makonni ne. Sai baƙar tukunyar Longpi, wani ƙauye a arewa da Ukhrul, wadda ake yi da niƙaƙƙen dutse haɗe da yumɓu, a gina da hannu, a gasa, a goge ta da ganye har ta yi sheƙi. Tana riƙe zafi sosai, amma tana da nauyi kuma tana fashewa, don haka ɗauki ƙarama ko kofuna, ka naɗe cikin tufafinka a jakar hannu. Na uku garin barkonon Sirarakhong, dogo ja wur wanda ba shi da zafi sosai, yana ba miya launi. Gari za ka saya, ba iri ba. Iri da ɗanyen tsiro ba sa shigowa Najeriya sai da takardar hukumar killace kayan gona, kuma za a iya karɓe su a filin jirgi.

Wajen komowa ka bar rarar kwana ɗaya ko biyu a Imphal kafin jirginka na Delhi. Ruwan sama yana zaftare ƙasa ya toshe hanya, kuma a Manipur ƙungiyoyi sukan kira yajin rufe hanya da kasuwa, wanda suke ce wa bandh, wani lokaci da sanarwar dare ɗaya. Intanet ma takan ɗauke ko a ɗauke ta, don haka tikitinka da lambar mai masaukinka da ta direba su kasance a rubuce a takarda, kuma ka gaya wa mutanen gida tun farko cewa in sun ji ka shiru kwana biyu kada hankalinsu ya tashi. Tikitin da ake iya sauya wa rana ya fi tsada kaɗan, shi za ka yanka.